Tsuntsaye 'Yan Ci-Rani da Cututtukan Yara na Lokaci-Lokaci a Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana karanta lokaci daga abubuwan da ke kewaye da shi. Tun kafin zuwan kalandar bango, manomi kan dubi taurari da juyawar iska da tohon itatuwa da zuwa ko tafiyar wasu tsuntsaye, ya gane cewa damina ta ƙarato ko kuwa kaka ta kama. Haka ita ma uwa ta san akwai cutar da ke zuwa da sanyi, akwai mai zuwa da zafi, akwai kuma wadda sai ruwa ya zauna take bayyana. Wannan ne ma ya sa ake yi wa ƙyanda laƙabi da baƙon dauro, wato ana kallon ta tamkar baƙo mai lokacin zuwa da lokacin tafiya.

Wannan babi zai dubi abubuwa biyu da ke zagayowa tare a kowace shekara, wato ƙaurar ƙananan tsuntsaye masu zaƙin kuka, da kuma cututtukan da suka fi addabar yara da matasa. An ɗauki yankin Badafi da kewayensa a matsayin fagen misali. Abin da ake son ɗalibi mai koyon aikin malanta ya fahimta shi ne, tsuntsu da cuta sukan zo lokaci guda ne saboda dukkansu biyun yanayi suke bi. Malamin da ya laƙanci wannan zai iya mayar da tsuntsayen da yara ke gani a hanyar makaranta su zama ƙararrawar da ke tuna masa abin da ya kamata ya shirya wa.

2.0 Yankin da Aka Duba

Badafi mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ƙiru, a kudancin Jihar Kano. Yankin da ya haɗa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma damina kan riga sauka a nan ta kuma daɗe kafin ta ɗauke. Saboda haka ne itatuwa irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da maje suka yawaita, ana kuma noman masara da dawa da shinkafa da rake.

Abubuwa biyu sun bambanta wannan yanki. Na farko shi ne dajin Falgore, wanda ya mamaye sassan Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa shi, kuma masana sun lasafta shi cikin muhimman wuraren zaman tsuntsaye na Nijeriya. Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a kan Kogin Kano, aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da maƙwabtansu. Daji da ruwa sun zama masauki ga tsuntsaye, sun zama arziki ga manomi da makiyayi da masunci. Sai dai ruwan da ke kwance duk shekara shi ne kuma gidan sauro da katantanwa, waɗanda za a ga rawar da suke takawa nan gaba.

3.0 Ƙaurar Tsuntsaye

3.1 Ma'ana da Rabe-Rabe

Ƙaurar tsuntsaye ita ce tafiyar da wasu tsuntsaye ke yi a ƙayyadajjen lokaci daga inda suke hayayyafa zuwa wani wuri mai abinci, sannan su koma idan lokaci ya zagayo. Kalmar da ta fi dacewa da wannan ɗabi'a a Hausa ita ce ci-rani. Ana iya kasa masu ƙaura da ake gani a kudancin Kano gida biyu.

Kashi na farko su ne baƙin damina, waɗanda ke yawo a cikin Afirka suna bin ruwan sama. Fitacciya a cikinsu ita ce shamuwa, wadda kan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan ta nufi gabashi da kudancin Afirka bayan ruwa ya ɗauke. Shamuwa ba ta cikin masu zaƙin kuka, amma ita ce tsuntsuwar da kowane yaro ya san ma'anar zuwanta. A cikin ƙananan tsuntsaye kuwa akwai jan-baki, wanda ke tafiya cikin garke mai ɗimbin yawa yana bin nunar ciyawa da hatsi.

Kashi na biyu su ne baƙin rani, waɗanda ke hayayyafa a Turai da yammacin Asiya, su iso nan daga watan Satumba zuwa Nuwamba, su koma a Maris da Afrilu. Daga cikinsu akwai tsattsewar Turai mai wutsiya kamar almakashi. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da yawan kaɗa wutsiya, wanda ke bin sawun shanu a fadama yana cafke ƙwarin da suka tayar, masana suna kiran sa Motacilla flava. Akwai kuma mai farin maƙogwaro da ke laɓewa cikin ƙaya da sarƙaƙiya. Yawancinsu ba su cika rera kukansu a nan ba, domin kukan na neman mata ne da kare wurin sheƙa, sai dai wasunsu kan fara gwada murya idan tafiya ta matso.

3.2 Dalilin Tafiya da Shirinta

Babban dalilin ƙaura shi ne abinci. Waɗannan tsuntsaye ƙwari suke ci, kuma idan sanyin Turai ya kama ƙwari kan ɓace. Masanin nan R. E. Moreau, a littafinsa da ya fito a 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye kusan biliyan 5 ne ke shigowa Afirka kowace shekara. Wani ƙiyasi na 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kaɗai su ƙetare Sahara sun kai biliyan 2.1.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar matafiyan. Tsattsewa kimanin giram 20 ce, wasu ma ba su kai giram 10 ba, amma sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar da faɗinta ya kusa kilomita 2,000. Guzurinsu kitse ne. Kafin tashi tsuntsu kan dage da ci har nauyinsa ya kusa ninkawa, sannan ya riƙa ƙona kitsen a hanya. Akasarinsu da dare suke tafiya, su fake a inuwar dutse ko ɗan tsiro da rana. Gwaje-gwaje sun tabbatar da cewa suna gane alƙibla ta hanyar rana da taurari da kuma ƙarfin maganaɗisun ƙasa.

Tafiyar komawa ta fi wuya, domin dole ne tsuntsu ya tara kitsensa a bazara, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Binciken da aka yi a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, cikin shekarun 1960 ya nuna cewa da yawa daga cikinsu kan dogara da 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwarin bakin ruwa a wannan lokaci. Ashe ke nan sare itace ɗaya a Sahel na iya shafar tsuntsun da za a ji kukansa a Ingila.

3.3 Yadda Aka Gano Sirrin

Turawan da can sun yi ta saɓani a kan inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi, har wasu suka ɗauka cewa tsattsewa a cikin laka take kwana. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa, wanda ya zama shaidar cewa daga wannan nahiya ya fito. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak mai suna Hans Christian Mortensen ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, dabarar da har yau ake amfani da ita. A yanzu ana ɗaura musu 'yar na'ura da ba ta kai giram ɗaya ba, mai adana bayanin inda suka bi. A Nijeriya akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da aka kafa kusa da Jos a farkon shekarun 2000.

Wani abin da ya faru ya nuna ƙarfin dangantakar ƙasashen biyu. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar cewa kusan kashi uku cikin huɗu na tsuntsun nan mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968 ne sanadi, wato mafarin farin da ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970. Yanayin da ya karya tsuntsu shi ne daga baya ya karya dabba da ɗan Adam.

4.0 Cututtukan Yara Bisa Lokutan Shekara

4.1 Damina

Zuwan shamuwa albishir ne ga manomi, amma ga mai kula da yara gargaɗi ne cewa cututtuka uku na tafe. Ta farko ita ce zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana shiga jini ne ta cizon macen sauro nau'in anofilis, wadda ke yin ƙwai a ruwan da ya kwanta a kududdufi da sawun shanu da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda take kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Alamominta sun haɗa da zafin jiki da rawar ɗari da ciwon kai da amai. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, don haka ake buƙatar gwajin jini na ɗan yatsa kafin shan magani. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga haɗin magani mai atemisinin da ake sha kwana 3. Wajibi ne a shanye shi ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu. Idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa sha, ko ya fita hayyacinsa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, to cutar ta yi tsanani, sai allura a asibiti.

Ta fuskar rigakafi, kwana cikin gidan sauro mai magani shi ne kan gaba. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya sau ɗaya a wata a tsawon damina, kuma Kano na cikin jihohin da ake bi gida-gida ana raba shi. A Disambar 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Ta biyu ita ce gudawa, wadda ke ƙaruwa idan ruwan sama ya wanko ƙazanta zuwa rijiyoyi. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganinta shi ne ruwan gishiri da sukari na cikin ƙunshi da ake samu a ɗakin shan magani, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa da ba da abinci. In babu na ƙunshi, ana dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa.

Ta uku ita ce tamowa, domin tsakiyar damina ne rumbu ke ƙarewa alhali sabon hatsi bai nuna ba. Ma'aikatan lafiya kan auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, idan kaurinsa ya gaza santimita 11.5 to tamowar mai tsanani ce. Ana magance ta da wani abinci na musamman da ake yi da gyaɗa da madara da mai da sukari, wanda aka ga amfaninsa ƙarara a Maraɗi lokacin yunwar 2005.

4.2 Kaka

A lokacin da baƙin Turai ke sauka a fadamun Tiga da bakin dajin Falgore, mutane kan ɗauka cewa zazzaɓi ya wuce tunda ruwa ya ɗauke. Lamarin ba haka yake ba. Sauro kan ɗauki kimanin kwana 10 daga ƙwai zuwa girma, ƙwayar cutar ta ɗauki wasu kwanaki 10 zuwa 14 tana nuna a cikinsa, sannan ta yi mako ɗaya ko biyu a jikin yaro kafin zazzaɓi ya fito. Wannan jinkiri ne ke sa cutar ta ci gaba da yawa har cikin Oktoba. Naɗe gidan sauro da wuri kuskure ne, musamman a ƙauyukan da ke kusa da ruwan noman rani.

Kaka kuma lokacin korar tsuntsaye ne. Idan jan-baki ya faɗa wa gonar shinkafa ko dawa, yara ake turawa da gwangwani da majajjawa tun asuba. Yaron kan rasa darasi, ya kuma wuni cikin ruwa da sauro. Inda hukuma ta yi wa tsuntsayen feshin guba, ya kamata a gargaɗi yara kada su tsinci matattun su gasa.

4.3 Hunturu

Da iskar arewa maso gabas ta taso da ƙura da sanyi, sai cututtukan numfashi su karɓi fage. Mafi haɗari ita ce namoniya, wadda wasu ke kira ciwon haƙarƙari. Alamarta ita ce tari da saurin numfashi. Jariri ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin sau 40 ko fiye, yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya, wanda kan ba da amoksisilin. Idan ƙasan ƙirji na lotsawa yayin jan numfashi, to gaggawa ta kama. Hayaƙin itace da na garwashin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi na ƙara tsananta wannan ciwo, haka ma asma.

Sanyi kuma abokin gabar mai sikila ne. Sikila cuta ce ta gado, ba a ɗaukar ta daga wani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da rukunin jini na AS, kuma idan masu wannan rukuni biyu suka yi aure, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a ƙasar nan duk shekara. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi da aikin wahala su ke tayar da ciwon ƙashin. Ana sassauta ta da yawan shan ruwa da suturar ɗumi da kariya daga sauro da magungunan da likita ke rubutawa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jini. Bai kamata malami ya sa irin wannan ɗalibi gudu ko sharar fili da sanyin safiya ba, ko ya hana shi fita shan ruwa.

A cikin cututtukan da ke yaɗuwa ta numfashi akwai mashaƙo, wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta zama cibiyarsa, kuma yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi musu rigakafi ba. Yakan zo da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wata farar fata mai toshe hanyar iska. Allurar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 tana kare shi.

4.4 Bazara

Lokacin da baƙin Turai ke tara kitsen komawa shi ne lokacin sanƙarau da ƙyanda. Arewacin Nijeriya na cikin zirin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Busasshiyar iska da ƙura kan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar ta samu hanyar shiga jini ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Cunkoso a ɗakin kwana marar taga na saurin yaɗa ta, shi ya sa makarantun kwana da na allo ke cikin haɗari. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya da amai da ƙin haske, a jariri kuwa maɗiga kan kumbura. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya, don haka ba a jiran gari ya waye. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Rigakafin da aka fara a 2011 ya karya nau'in A, amma a 2017 nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i 5. Kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi kan ragu da wata naƙasa, musamman kurumta. Ɗalibin da ya dawo daga jinya ya daina amsa kira yana buƙatar gwajin ji da kujerar gaba, ba bulala ba. Da ruwan farko ya sauka, cutar kan lafa.

Ƙyanda na farawa da zazzaɓi da mura da jan ido, sannan ƙuraje su feso daga fuska zuwa jiki. Tana iya jawo namoniya da gudawa da makanta. Ana yin rigakafinta a wata na 9 da na 15, kuma ana ba wanda ya kamu sinadarin bitamin A. Al'adar ɓoye mai ƙyanda a ɗaki da hana shi ruwa ko abinci mai gina jiki na ƙara masa rauni.

Zafin bazara kuma shi ke kora samari zuwa wanka a dam da magudanan ruwan rani, inda tsargiya ke jira. Wata tsutsa ce ke haddasa ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar kan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga nan 'ya'yan su fito su huda fatar mai wanka. Jinin da ke biyo ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu samari ke zato. Ciwo ne da ke rage jini, ya dusashe karatu, ya kuma lalata mafitsara da ƙoda idan ya daɗe. 'Yan mata masu wanki a bakin ruwa ma suna kamuwa, sai dai kunya kan hana su faɗa. Maganinta firazikwantel ne, wanda akan raba a makarantu gwargwadon tsayin yaro, bayan ya ci abinci.

5.0 Shin Tsuntsu na Kawo Cuta?

A wasu sassan ƙasar Hausa akan kira jijjigar da ke kama yaro da suna bugun tsuntsu, bisa imanin cewa wani tsuntsu ne ya gifta ta kansa. Irin wannan fahimta tana nan a wasu al'ummun Afirka ta Yamma. Ba abin mamaki ba ne, domin lokacin da tsuntsaye suka fi yawa da hayaniya, wato damina da kaka, shi ne lokacin da zazzaɓin sauro ke sa yara jijjiga. Abubuwa biyu sun haɗu a lokaci, sai aka ɗora wa ɗaya laifin ɗaya.

A likitance, jijjiga na faruwa ne idan aikin ƙwaƙwalwa ya rikice na ɗan lokaci. Zafin zazzaɓi kan jawo ta ga 'yan wata 6 zuwa shekara 5, haka ma zazzaɓin sauro mai tsanani da sanƙarau. Idan tana maimaituwa ba tare da zazzaɓi ba, ita ce farfaɗiya, wadda ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓawa, kuma mafi yawan masu ita kan samu sauƙi da maganin asibiti na kullum. Taimakon farko shi ne a kwantar da yaro ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sassauta masa riga. Ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa ko jiƙo, ba a yi masa turare, ba a kai ƙafarsa kusa da wuta. Idan ta wuce minti 5, ko tana tare da zazzaɓi, sai asibiti.

Tarihi ya nuna cewa tsuntsu ma taimako ya yi. A 1898, a birnin Kalkata na Indiya, Ronald Ross ya yi amfani da ƙananan tsuntsaye ya tabbatar da cewa ta cizon sauro ƙwayar zazzaɓi ke tashi daga jiki zuwa jiki, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1902. Tsuntsaye na da nasu nau'in zazzaɓin, wanda ba ya kama mutum.

Cutar da ke da alaƙa ta gaskiya da tsuntsaye ita ce murar tsuntsaye. An tabbatar da ɓullar nau'inta mai tsanani a Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna, ta kuma shafi gonakin Kano, sannan a farkon 2007 aka tabbatar ta kashe mutum ɗaya a Legas. Tsuntsayen ruwa irin su agwagin daji da kuma safarar kaji su ne manyan hanyoyin yaɗuwarta. Darasin da za a ba yara shi ne kada su taɓa ko su ci kaza ko tsuntsun da aka tarar matacce.

6.0 Rawar da Malami Zai Taka

Malami ba likita ba ne, kuma ba aikinsa ba ne rubuta magani. Amma shi ne babban da ke ganin yaro sa'o'i biyar ko shida a rana, kuma a ƙauye maganarsa na da nauyi wurin iyaye. Ana sa ran ya yi waɗannan abubuwa:

(a) Ya jagoranci ɗalibai su zana kalandar shekara a bangon aji, su riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa ko tsattsewa, da ranar ruwan farko, da ranar da hunturu ya buso, a gefe guda kuma a rubuta cutar da ake tsammani da matakin kariya.

(b) Ya riƙa duba rajistar aji da idon basira. Idan yara da yawa suka yi fashi a mako guda da ciwo iri ɗaya, ya sanar da shugaban makaranta da ma'aikacin lafiya mafi kusa.

(c) Ya yi amfani da taron iyaye da malamai wajen tunatarwa kan katin rigakafi, har da allurar kariya daga kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023.

(d) Ya sa ɗalibai su tattaro sunayen tsuntsaye da na cututtuka da karin magana daga bakin tsofaffi, domin wannan taskar harshe ce da ke ɓacewa, sannan a tattauna abin da ilimin zamani ya tabbatar da abin da ya gyara, cikin ladabi ba tare da raina iyaye ba.

(e) Ya hana harbin tsuntsaye da danƙo don wasa, ya kuma koya wa yara cewa idan suka tsinci tsuntsu mai zobe a ƙafa, lambar da ke jiki saƙo ce da masu bincike ke nema.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ruwa da iska da zafi ke juya rayuwar tsuntsu da lafiyar yaro a kudancin Kano. Shamuwa na zuwa da damina, damina na zuwa da sauro da gudawa da tamowa. Baƙin Turai na sauka da kaka alhali zazzaɓi bai tafi ba, su yi hunturu tare da namoniya da ciwon sikila, su tashi a bazarar sanƙarau da ƙyanda da tsargiya. Tsuntsu kan fara tara guzuri makonni kafin ranar tashi. Makarantar da ta duba katin rigakafi kafin bazara, ta tuna da gidan sauro kafin damina, ta bi wannan tsari, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta baƙin damina da baƙin rani a cikin tsuntsaye, tare da misalai biyu-biyu.
2. Me ya sa zazzaɓin cizon sauro ke ci gaba da yawa bayan ɗaukewar ruwan sama?
3. Yi bayanin yadda tsargiya ke yaɗuwa, ka danganta shi da madatsar ruwa ta Tiga.
4. Tattauna ma'anar bugun tsuntsu a al'adance da kuma a likitance.
5. Tsara kalandar lafiya ta shekara guda wadda za ta dace da makarantar firamare a garinku.